Baffa Saleh da Kebul Mai Jijiya Takwas

Baffana Saleh, yayan mahaifina, mutum ne da idan ka ce masa ya yi kuskure a aikin waya, to ka shirya yin kwana uku ba a amsa maka gaisuwa. Na san haka tun ina ƙarama, domin a gidansa na unguwar Dogo Nini a Potiskum na tashi bayan rasuwar mahaifina. Sanin bai hana ni kusan fashewa ba a makon da zan ba da labarinsa.

A unguwa Saleh Waya ake ce masa. Shekara ashirin da bakwai ya yi yana hawa turakun tarho, zamanin da tarho yake zaune a kan tebur da igiyarsa. Ya shiga aikin yana saurayi, aka kai shi Kaduna kwas na wata tara, ya dawo da ɗamarar fata ta hawa turke da wani baƙin kan tarho mai ƙugiya biyu na gwada layi. Ya ja waya zuwa ofisoshin gwamnati, da gidajen dillalan kasuwar shanu, da na masu manyan motoci. Yakan ce akwai lokacin da in tarho ya yi ƙara a Potiskum, to hannunsa ya taɓa wayar, kuma ba ƙarya yake yi ba. Sai salula ta zo. Cikin 'yan shekaru turakun suka zama wurin ɗaure awaki, ɓarayi suka kwashe wayoyin, aka sallami ma'aikata. Ya koma gyaran fanka da ja wa sababbin gidaje wayar wuta, da damina kuma yana gonarsa ta hanyar Nangere. Ɗamarar da kan tarhon suna nan cikin adakarsa, duk shekara sai ya fito da su ya goge.

Matarsa, Iya Yakaka, ita ta raine ni. Wata huɗu kafin wannan makon ta faɗi a bakin murhu, ɓarin jikinta na hagu ya shanye. Hannun ya daina ɗaguwa, ƙafar ma haka, bakinta ya karkace. Magana tana fita, amma a hankali, da nauyi. Tun da aka dawo da ita daga asibiti ba ta yarda an fito da ita ko tsakar gida ba. Ta ce ita ba buhun gero ba ce da za a riƙa cicciɓa ana kallo.

'Yarsu ta fari, Hadizatu, tana Malesiya tare da mijinta da ke karatu a can. Shekara uku ba su ga juna da uwarta ba. Lokacin da ciwon ya zo tana da ciki, ga hawan jini, sai gida aka yi shawara a ce mata ciwon ƙafa ne kawai. Ɓoyon bai yi wuya ba. Iya dama ba ta sakewa da ita a waya, don 'yar fari ce, ko sunanta ba ta faɗa. "Waccan yarinyar" take cewa. In an miƙa mata waya sai ta ce, "Lafiya lau, Allah ya raba lafiya," ta mayar.

Ranar Asabar Hadizatu ta haihu, mace. Ta aiko da saƙo cewa ranar suna, ƙarfe sha ɗaya na safiyarmu, za ta kira ta bidiyo, tana so Iya ta ga jikarta ta sa mata albarka. Hotuna mun kai wa Iya, har da ɗan bidiyon da aka ɗauka a asibiti. Ta kalla, ta ajiye wayar a kan katifa, ta ce, "Wannan ai jiya ce." Amma da yamma ta sa na buɗe akwatinta na ciro atamfar da ta ɗinka tun kafin ciwo ba ta taɓa sawa ba. Daga nan na gane kwana bakwai gare mu.

Matsalar ita ce ɗakin Iya yana can ƙarshen gida. Ginin ƙasa ne mai kauri da aka shafe da siminti, ga rufin kwano, ga benen da maƙwabci ya ɗora ta bayanmu ya tokare komai. Murya takan shiga in an riƙe waya a taga, hoto kuwa ko kusa. Wurin da netwok yake da ƙarfi a gidan nan ɗaya ne, tagar shagon Baffa da ke ƙofar gida. Can na ajiye musu rauta tun bara, wato akwatin da ake sa wa sim ya raba intanet ga wayoyin gida. Ƙarfinta kuwa ko soro na biyu ba ya wucewa.

Ni kwamfuta nake koyarwa a wata sakandaren 'yan mata kusa da Nangere, saboda haka na san maganin. Akwati na biyu ake sawa a ɗakin Iya, wanda masu sana'ar ke kira akses foyin, a haɗa shi da rautar ta kebul. Rauta ta ci gaba da zama a tagarta tana kama netwok, shi kuma na biyun ya watsa a ɗaki. Ranar Litinin da na taso daga makaranta na biya kasuwa na sayo akwatin da kebul mita arba'in, an matse masa kawuna biyu. Na zauna na saita shi, na kashe masa raba wa wayoyi lamba, don wannan aikin rauta ce kaɗai ya kamata ta yi, in ba haka ba su riƙa karo da juna. Na gwada a shago da guntun kebul, komai ya tafi daidai. Saura ja kawai, aikin rabin awa.

Kuskurena shi ne na yi gwajin a gaban Baffa.

Ya ɗauki akwatin ya jujjuya. "Wannan ai ekistenshin ne," in ji shi. "Mun yi dubunsa. Babban layi a ofishin oga, reshe a wurin akawu." Ya ja naɗin kebul ɗin gabansa. "Ke je ki gida wurin mijinki, Rauda. Jan waya ba aikinki ba ne."

Na ce, "Baffa, mita arba'in ne cif. In aka bi ta tsakar gida kai tsaye zai isa har da saura."

Ya kalle ni ta saman tabarau. "Ta tsakar gida? Kamar igiyar shanya?"

Na hau keke napep na koma gidana a unguwar Dogo Tebo raina yana raya mini abin da zan tarar.

Washegari na tarar da aiki mai kyau, wannan kam ba zan hana shi ba. Kebul ya fito daga shago ya hau saman ƙofa, ya bi jikin katanga a miƙe kamar an ja da ma'auni, ya zagaye soro, ya zagaye ɗakin ajiya, ya bi ta bayan kicin. Kowane taƙi ɗaya akwai ƙusa mai ɗan kunne tana riƙe da shi. Kowace kwana an lanƙwasa ta a nutse. Sai dai a bakin kicin mita arba'in ta ƙare, ga ɗakin Iya da sauran mita shida.

Baffa bai ga wata matsala ba. Ya buɗe adaka ya ɗauko tsohuwar wayar tarho da ya adana tun zamanin aiki. Ya yanke kan kebul ɗina, ya feɗe shi, ya tarar da jijiya takwas a murɗe bibbiyu. Wayarsa jijiya biyu gare ta, sai ya yanko tsawo huɗu ya jera, biyu sau huɗu takwas. Ya warware murɗin, ya haɗa kowace jijiya da tata, ya ɗiga dalma, ya naɗe da baƙin tef. A ɗaya ƙarshen ya sake haɗawa da guntun da ya yanke mai kai. Haɗin, wanda yake kira joyin, ya fito sumul, ya ma sa masa 'yar rumfa ta gwangwani saboda ruwan sama, a watan Afrilu.

Da na gani na san an yi ɓarna. Wannan murɗin da ya warware shi ne ran kebul ɗin. Murya takan bi kowace irin waya ta isa, ko da shuu a ciki, mutum ya gane abin da aka ce. Abin da ke bi ta wannan kebul ba ya yafiya haka.

Muka kunna. Fitilar akwatin ta yi kore, ta ɗauke, ta dawo, ta ɗauke. Wayata ta kama sunan netwok ɗin da sandunan sigina cike, amma ko saƙon rubutu ya ƙi fita.

"Baffa," na ce, ina zaɓen kalmomi kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa, "ko dai irin wannan kebul ɗin ba ya son a ƙara masa wata waya?"

"Waya waya ce. Jan ƙarfe ne a ciki, ko zinariya suka sa a taku?"

Ya ɗauko mitarsa ya gwada jijiyoyin ɗaya bayan ɗaya a gabana. A kan kowace sai da allurar mitar ta motsa. "Kin gani? Layi kiliya. Joyin ɗina bai taɓa ba ni kunya ba. Akwai wanda na yi a hanyar asibiti ya shekara goma sha tara a cikin ruwa da rana."

To me zan ce? Mutumin nan shi ya biya mini makaranta, shi ya aurar da ni. A gidanmu ba a buɗe baki a ce wa babba "ba ka iya ba." Ana zagayawa ne, a kawo misali, a ce wai an ji wani ya ce. Na zagaya har na gaji. Na ce wai wani malami a makarantarmu ya taɓa yin irin haka bai yi ba. Ya ce malamin bai iya dalma ba. Na nuna masa a waya inda aka yi bayani da hoto. Ya ce waɗanda suka rubuta ba su taɓa hawa turke ba.

Ranar Laraba laifin na kamfanin sim ne, muka canza sim. Rautar ta ci gaba da aiki lafiya a shago kamar yadda take yi da ma, ɗakin Iya shiru. Ranar Alhamis laifin na akwatin ne, wai kayan yanzu duk kwali ne. Ya sa na mayar kasuwa a cikin ranar nan mai narka kwalta, mai shagon ya jona a gabana ya yi aiki, na dawo da shi ina gumi ina cizon leɓe. Da la'asar laifi ya koma kan benen maƙwabci, duk da kebul ba ruwansa da bene. Ya warware tef ɗin ya sake ɗiga dalma a kan dalma. Na tsaya a kansa riƙe da tocila a cikin inuwar kicin, ina kallon yadda yake fama, haushi da tausayi suna cina lokaci guda. Haushin ya fi yawa, gaskiya.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne Iya. Ba ta tambaya. In na shiga gyara mata kwanciya sai idonta ya tafi kan akwatin da ke bisa kabad, fitilarsa tana kamawa tana ɗaukewa. Ranar Alhamis ɗin ta ce, "Yau kwana nawa?"

Na ce, "Jibi ne, Iya."

Ta ce, "Malam ya iya aikinsa." Ban san ko ni take lallashi ko kanta ba.

A keke ina komawa gida na yanke shawara. In Baffa zai yi fushi ya yi. Ranar Juma'a na nemi izini a makaranta, na sayo wani kebul ɗin, na ɓoye shi cikin jakar da nake zuba littattafan ɗalibai. Na zauna a ɗakin Iya ina yanke mata farce har na ji ya yi alwala, ya sa babbar riga, ya fita masallaci. Ƙofa tana rufuwa na miƙe. Na zare kebul ɗinsa daga bayan rauta na jona nawa, na ratsa soro da shi, na ɗora a kan igiyar shanya, na riƙe da 'yan maƙalan wanki, na shigar ta tagar Iya na jona a akwatin. Ko minti goma ban yi ba. Fitila ta yi kore ta tsaya. Na kira wata ƙawata ta bidiyo, fuskarta ta fito tar har ina ganin tukunyar da ke bayanta.

Maimakon murna sai tsoro ya kama ni. Na zauna a bakin gado ina jiran sallamarsa.

Ya shigo, ya tsaya a tsakar gida. Ta labule nake leƙensa. Ya bi kebul ɗin da ido tun daga soro har taga, yana lilo tsakanin zanin Iya da tawul. Ya shigo ɗakin bai kalle ni ba. Ya zare nawa daga akwatin ya mayar da nasa, ya tafi shago ya canza can ma, ya dawo. Fitila ta kama ta ɗauke. Ya sake tafiya ya mayar da nawa, ya dawo. Kore, a tsaye. Sau uku yana wannan zirga-zirga da babbar riga a cikin zafin nan, mutum mai shekara saba'in da ɗaya. A na ukun ya daɗe a tsaye gaban kabad.

Na ce, "Baffa, ka yi haƙuri, na ga lokaci ne ya..."

"Kebul ba ya kwana a igiyar shanya," in ji shi. Iyakar abin da ya faɗa ke nan.

Ya tuɓe rigar, ya ɗauko tsani da guduma. Ya kafa gora biyu a tsakar gida, ya ja waya mai ƙarfi a tsakaninsu, ya ɗaure kebul ɗina a jikinta sama da kan mutum, a miƙe. Nasa kuwa bai taɓa shi ba, ya bar shi a jikin katanga da rumfar gwangwaninsa. Da zan tafi na durƙusa na yi masa sallama, ya ce "Uhm" yana kallon guduma. Na san na shiga kwanakin nan uku.

Asabar tun ƙarfe tara ina gidan. Na yi wa Iya wanka, na sa mata atamfar, na ɗaura mata ɗankwali, ta ce in sa mata kwalli. Na jingina ta da matasai biyu. Baffa ya ƙi shigowa, ya ɗauko kujera ya zauna a bakin ƙofa ta waje, wai yana duba fitila. Na ji shi da safe yana gaya wa mijin Hadizatu a waya cewa layi ya zauna, shi ya ja da hannunsa. Na ƙyale shi, ai gorar tasa ce.

Sha ɗaya da 'yan mintoci waya ta yi ƙara. Na zauna kusa da Iya na ɗaga ta a gabanmu. Kafin in amsa, gilashin ya nuna mu mu biyu, kamar yadda yake yi. Ban taɓa kawo wannan a raina ba. Tun da ta dawo daga asibiti muka ɗauke madubin ɗakin, kuma ba ta taɓa nema ba. Yanzu ga fuskarta a gabanta, kwalli a ido, baki ya zame gefe guda.

Ta kalla. Wayar tana ta ƙara.

"Haka nake?" ta ce.



Ta kai hannunta mai lafiya ta kama nawa da ƙarfin da ban san tana da shi ba. "Kar ta gan ni. Jego take, ga jininta. Ni in gan ta."

In na kashe kyamara ta maɓalli, wayar za ta nuna wa Hadizatu cewa da gangan aka kashe. Sai na ɗora babban yatsana a kan idon kyamarar, na amsa.

Ga Hadizatu, tar, kamar a ɗakin take. Ta yi ƙiba, ta sha lalle, tana rungume da jaririya cikin farin tawul. Ko yankewa hoton ba ya yi.

"Iya! Iya, ina wuni? Sunanta Nuriyya. Kuna ganina? Ni duhu kawai nake gani." Ta matso da fuskarta. "Rauda, gyara mana. Shekara uku fa! Ni wallahi ina so in ga Iya."

Na ce, "Muna ganinki sosai."

"To ni me ya sa ba na ganinku? Ina Baba? Baba, ba kai ka ce ka ja layin da hannunka ba?"

Na juya. Baffa ya taso yana tsaye a bakin ƙofa, labule a kafaɗarsa. Ya kalli yatsana a kan wayar, ya kalli matarsa, ya kalli fitilar da ke tsaye kore ba ta ko ƙiftawa. Ya yi gyaran murya.

"Ni na ja," ya ce da ƙarfi yadda za ta ji. "Joyin ɗina ne bai zauna ba, aikin ya fi ƙarfina. Laifina ne, uwata. Ke dai ɗago yarinyar sama, mu muna ganinku."

Hadizatu ta yi tsaki na wasa, ta ce Baba an tsufa, ta ɗago jaririyar ta cika gilashin da ita. Iya ta saki hannuna ta kai yatsunta kan ɗan kumatun, tana motsa baki a hankali, tana jero addu'a kalma ɗaya bayan ɗaya don kar nauyin harshen ya fito. Baffa ya saki labulen ya koma kujerarsa. Minti arba'in muka yi, yatsana ya sage, ban ɗaga shi ba.